Shin auren iri zai iya dawo da tsoffin irin wiwi da suka ɓace?

Auwal: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya nake da ita ga malamanmu na fannin inganta iri. Ina bibiyar yadda irin gargajiya ke ɓacewa a duniya, sai na ci karo da batun tabar wiwi. A ƙasashen da doka ta halatta nomanta akwai masu auren iri da ke tallar cewa sun dawo da tsoffin iri na shekarun 1960 da 1970, irin su Acapulco Gold na Meziko, na Santa Marta a Kolombiya, na Tailan, Malawi Gold da na tsaunukan Hindu Kush da ke Afganistan da Pakistan. Wai haɗaɗɗen iri na zamani suke ɗauka su yi ta aurarwa har halayen kakanni su sake fitowa. A ilmance hakan na yiwuwa, ko romon baka ne na 'yan kasuwa?

Malam Ɗanjuma (mai kula da zaure): Wa alaikumus salam. Tambayar ta ilimi ce, na bar ta. Amma a kiyaye: nan ba wurin neman iri ba ne ko koyar da noma, kuma a yawancin ƙasashe shuka wannan abu laifi ne mai kai mutum gidan yari. Wanda ya kauce zan goge saƙonsa ba sallama.

Nafi'u: Yana yiwuwa mana, lissafi ne kawai. Ka aurar da iri biyu, 'ya'yan sun ɗauki kashi 50 cikin 100 daga kowane ɓangare. Ka mayar da ɗan a kan uwar, an koma 75. Ka sake, 87.5. Ka sake, 93.75. Aure huɗu kenan ka kusa dawo da uwar sak. Haka ake yi wa alkama da tumatir shekara da shekaru, me zai sa wiwi ta fita daban?

Dakta Rakiya: Nafi'u, lissafinka daidai ne, amma ba shi ne amsar tambayar Auwal ba. Wannan hanya tana aiki ne idan uwar da kake son komawa gare ta tana hannunka a raye. To idan tana hannunka ai ba ta ɓace ba, balle a ce an dawo da ita. Idan kuma ta ɓace, a kan wa za ka mayar da ɗan?

Sannan akwai abin da ya fi wannan nauyi. Irin gargajiya ba tsiro ɗaya ba ne, jama'a ce guda. Wiwi tana da namiji daban, mace daban, kuma iska ce ke kai garin furen namiji ga mace. Saboda haka a gonar manomi a kwarin da ke Hindu Kush, kowane tsiro yana da uba daban da na maƙwabcinsa. Wani dogo, wani gajere, wani ya riga nuna, wani yana jure sanyi, wani ƙamshinsa daban. Dubban tsirrai suna cuɗanya kowace shekara, yanayin wurin yana kashe raunana, manomi yana zaɓen wanda ya yi masa ya ajiye iri. A yi haka ɗaruruwan shekaru, abin da ya fito shi ne irin wurin. Tsiro guda kuwa, komai kyansa, kwafi biyu kacal yake ɗauke da su na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ko ka kai kashi 99 na wannan uwa, uwa ɗaya ka dawo da ita, ba al'ummar da ta fito daga ciki ba.

Zulai: Malama, to tun farko ta yaya ma suka ɓace? Na ɗauka abin da ake nomawa a ɓoye ya fi samun kariya daga kamfanoni.

Dakta Rakiya: Ɓoyewar ce ma ta hanzarta abin, Zulai. A shekarun 1960 da 1970 matasan Turai da Amurka sun riƙa bin hanyar ƙasa ta Turkiyya, Iran, Afganistan zuwa Indiya da Nepal, suna komawa gida da iri a aljihu. A 1979 juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan suka toshe hanyar. A Meziko kuma, cikin shekarun 1970, an riƙa fesa wa gonaki maganin kashe ciyawa na paraquat da tallafin Amurka. Sai masu noma a Kalifoniya suka koma noma da kansu.

Nan matsalar ta taso. Irin yankuna masu zafi kamar Tailan da Kolombiya ya saba da inda tsawon rana bai cika sauyawa ba, kusan awa 12 duk shekara. Dogo ne, kuma furensa kan ɗauki wata uku zuwa huɗu ko fiye kafin ya nuna. A arewa sanyi kan riske shi bai gama ba. Na Afganistan gajere ne, mai faɗin ganye, yana gamawa cikin kusan wata biyu. Mai noma a ɓoye me yake so? Abin da ba za a hango ba, wanda zai cire da wuri. Sai aka aurar da su. Sanannen irin nan Skunk #1 ya fito daga irin wannan haɗi na jinin Afganistan, Kolombiya da Meziko, wani mai auren iri Ba'amurke, David Watson, ya kai shi Holan a tsakiyar shekarun 1980, kamfanonin iri na can suka baza shi duniya. Da noma ya koma cikin ɗaki ƙarƙashin fitila, inda kowace rana kuɗin lantarki ce, dogon iri mai jinkiri ya zama asara. Daga nan kusan kowa ya koma zagaye a kan 'yan iyaye kaɗan: Skunk, Haze, Northern Lights, daga baya dangin Kush.

Nafi'u: Ai kin kawo mini hujja da bakinki, Dakta. Tunda jinin Kolombiya da Meziko na cikin Skunk, ƙwayoyin gadon ba su mutu ba, ɓuya suka yi. A aurar da 'ya'yan a junansu, a tsara ta biyu halaye za su warwatsu, ka tsinci mai siririn ganye, dogo, mai jinkirin fure. Ka ware shi, ka ci gaba. Mendel, uban ilimin gado, ya nuna wannan tun 1865.

Sagir: A nan ina tare da Nafi'u rabi. Akwai halayen da ake dawo da su cikin sauƙi, kuma an yi. Misali mafi kyau shi ne CBD, sinadarin wiwi da ba ya bugarwa, saɓanin THC mai bugarwa. A 2003 Etienne de Meijer da abokan aikinsa sun nuna cewa idan ka aurar da tsiro mai THC zalla da mai CBD zalla, 'ya'yan farko duk suna fitowa da duka biyun. A tsara ta biyu sai su rabu: kashi ɗaya cikin huɗu THC, kashi biyu gauraye, kashi ɗaya CBD. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa ƙwayoyin gado ne daban-daban da ke manne da juna a wuri ɗaya a kan kuromozom, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai, shi ya sa ake gadonsu tamkar abu guda. Hali irin wannan, matuƙar yana nan a wani tsiro, za ka zaƙulo shi.

Abin lura shi ne a gonakin da ake yin hashish, wato curin danƙon wiwi, a gargajiyance, kamar Afganistan, Maroko da Labanon, ana girbe gona ne gaba ɗaya a tankaɗe danƙon a haɗe. Ba wanda ke ɗanɗana tsiro ɗaya-ɗaya, don haka masu CBD suka ci gaba da zama cikin jama'a. Da aka koma zaɓen uwa guda mafi bugarwa, sai aka tsince su aka zubar ba tare da an sani ba. Alƙaluman jami'ar Misisifi a kan wiwin da hukumomin Amurka suka kama sun nuna THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014, CBD kuma ya yi ƙasa.

Nafi'u: Madalla. To ina sauran rabin?

Sagir: Sauran rabin shi ne ƙamshi, jure fari, jure fumfuna, tsarin reshe, lokacin fure. Waɗannan ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da su ba, da yawa ne, kowace da ɗan nata ƙaramin tasiri. Kuma shekara arba'in ana zaɓe a kan akasinsu. Abin da aka zubar a kowace tsara ya tafi. Ba za ka ciro abin da babu shi a cikin buhu ba, komai daɗewar da ka yi kana lalube.

Baba Tanko: Yara, ku ba tsoho wuri. An taɓa yin irin wannan gwaji da dabba, kuma sakamakonsa yana nan kowa na iya gani. Akwai wani babban sān daji da shanun gida suka samo asali daga gare shi, ana kiransa aurochs. Ta ƙarshe a cikinsu ta mutu a dajin Jaktorów na ƙasar Folan a 1627. A shekarun 1920 da 1930 wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Heinz da Lutz Heck, masu kula da gidajen namun daji a Munik da Balin, suka ce tunda jinin yana cikin shanun gida za su dawo da shi. Suka tattaro shanu daga wurare daban-daban suka yi ta haɗawa. Sun sami shanu masu launin da ake nema, masu ƙaho, masu faɗa. Har gobe ana kiwonsu. Amma ba su kai na asali girma ba, ƙirar jiki ta bambanta, kuma babu masanin da ke kiransu da sunan wancan sā. Kama ta fito, asali bai dawo ba.

Su Heck aƙalla suna da ƙasusuwa da zane-zanen da za su gwada aikinsu da su. Mai cewa ya dawo da irin Tailan na 1975, da me zai gwada? Da tunanin dattijon da ya sha yana ɗan shekara ashirin? Allah ya sa mu dace, amma wannan ba ma'auni ba ne.

Hajiya Binta: Ku gafarce ni, Baba. Na karanta duka, kuma ni abin da ke damuna daban ne. Ina aiki da matasan da wannan abu ya lalata wa ƙwaƙwalwa. Na ga yaro mai hazaka ya koma magana shi kaɗai. Don me za mu zauna muna jimamin ɓacewar irin wiwi? Ta ɓace mana gaba ɗaya, wa ya yi asara?

Sagir: Hajiya, damuwarki gaskiya ce, ba mai musunta ta. Sai dai abin da ke ɓacewa ba shi ne ke cutar da yaranki ba. Wanda ya rage, ya mamaye ko'ina, shi ne mai THC da yawa, kuma bincike ya danganta yawan shan irin wannan mai ƙarfi da ƙarin haɗarin taɓin hankali. Wanda ke ɓacewa shi ne mai sauƙi, mai gaurayen sinadarai. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, maganin CBD, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Akwai kuma wani sinadarin, THCV, da aka fi samu a irin kudancin Afirka da wasu sassan Asiya, ana kan nazarinsa. Ga nau'in da ake nomawa don zare da mai, wanda ba ya bugarwa, shi ma yana buƙatar jinin da ke jure cuta.

Hajiya Binta: Na ji batun magani. Amma kada mu yaudari kanmu, masu tallar Acapulco Gold ba masu farfaɗiya suke nema ba.

Dakta Rakiya: Wannan haka yake, Hajiya, ban da abin cewa.

Auwal: Dakta, na ga wasu ba daga haɗaɗɗen iri suke farawa ba. Suna cewa sun je ƙauyukan da kansu sun karɓo iri, ko sun sami tsohon iri da wani ya ajiye a firiza tun 1980. Su fa?

Dakta Rakiya: Waɗannan sun fi kusa da gaskiya, amma akwai ramuka biyu a gabansu.

Na farko, ƙauyen da ka je yau ba shi ne na 1970 ba. Dubi tsaunukan Rif a arewacin Maroko. Can akwai irin gida da suke kira beldiya, wanda ake shukawa da ruwan sama, yana nuna da wuri kafin ƙasa ta bushe. Daga shekarun 2000 aka fara shigo da haɗaɗɗun iri, irin su wanda suke kira khardala, masu ba da danƙo ninki. Manomi da ke neman abin ciyar da iyali ba zai ƙi ba. Amma sababbin suna daɗewa a gona har cikin rani, dole a ba su ruwa, sai aka shiga haƙa rijiyoyi masu zurfi da janyo ruwa daga ƙoramu a yankin da dama ruwan bai wadata ba. Mai binciken nan Bafaranshe Pierre-Arnaud Chouvy ya yi rubutu sosai a kan wannan sauyi. To ko manomin da ya ƙi sabon iri, ya riƙe na kakansa, bai tsira ba, domin garin furen wiwi ba ya sanin iyakar gona. Masu auna iska a kudancin Sifen sun sha kama garin furen wiwi da iska ta ɗauko daga Maroko, ta tsallako da shi teku. Abin da ya ƙetare teku, gonar maƙwabci ce za ta gagare shi? Shekara biyu uku, irin da kake kira na gado ya sha jinin baƙo, kai kuma ba ka sani ba.

Rami na biyu shi ne yawa. Ka je ka karɓo ƙwaya ashirin, goma suka tsiro, ka zaɓi namiji ɗaya da ya burge ka ka zubar da sauran. Akwai lissafin da masana gado ke amfani da shi: ka ninka yawan maza da yawan mata, ka ninka da huɗu, ka raba da jimillarsu. Namiji ɗaya da mata ɗari, amsar ba ta kai huɗu ba. Wato a idon gado, gonarka mai tsiro 101 daidai take da mai tsiro huɗu. Maza hamsin da mata hamsin kuwa, ɗari cif. Yawancin masu wannan harka a ɗaki suke yi, wuri kaɗan, wasu doka ta ƙayyade musu yawan tsiro. Bayan tsara uku huɗu na auren dangi, sai ka ga tsiro ya raunana, iri ba ya tsirowa da kyau, bambancin da ya sa irin ya zama abin nema ya tafi. Suna yana nan a jikin leda, abin da ke ciki ya zama wani abu.

Na firiza kuma, idan an busar da shi an rufe da kyau zai iya daɗewa. Amma ƙwaya biyar da suka farka daga cikin hamsin su ma ƙaramin samfuri ne.

Zulai: Ke nan sunan da ke jikin leda ba hujja ba ne?

Sagir: Ko kusa. A 2015 wasu masu bincike a Kanada, Jason Sawler da abokansa, sun gwada ƙwayoyin gadon samfura masu yawa. Sun tarar sau da dama samfura biyu masu suna ɗaya ba su da kusanci, wani ma ya fi kusa da mai wani suna daban. Rabon da 'yan kasuwa ke yi na indica (gajere mai faɗin ganye) da sativa (dogo mai siririn ganye) shi ma bai bi gadon sosai ba. Saye da suna a wannan kasuwa cinikin biri a sama ne.

Nafi'u: To ku kun rushe komai. Aure ba ya yi, zuwa ƙauye ba ya yi, firiza ba ta yi. Sai a naɗe hannu? Ni ban yarda ba. Mutumin da ya sami kashi 70 na tsohon iri ya fi wanda ke zaune yana cewa ba zai yiwu ba. Kuma irin gargajiyar da kuke tsarkakewa, shi ma ai haɗe-haɗe ne. Wiwi ba 'yar asalin Kolombiya ba ce, ba 'yar Malawi ba ce. Binciken 2021 a kan ƙwayoyin gado ya nuna asalin nomanta gabashin Asiya ne, kimanin shekara 12,000 da suka wuce. Fatake da jiragen ruwa suka yaɗa ta. Wace shekara ce za ku tsayar ku ce daga nan ne asali?

Baba Tanko: Wannan magana taka ta ƙarshe tana da nauyi, Nafi'u. Babu ranar da iri ya tsaya cak. Bambancin shi ne dā baƙon jini kan shigo kaɗan-kaɗan, wurin ya tace shi cikin shekaru masu yawa. Yanzu iri ɗaya ne ke shiga kowane kwari a lokaci guda, kuma daga iyaye ɗaya ya fito.

Dakta Rakiya: Ban ce a naɗe hannu ba. Na ce a kira kowane aiki da sunansa. Wanda ya fito da dogon tsiro mai siririn ganye da ƙamshin da ya yi kama da na dā, ya yi aiki, sabon iri ne mai tsohon hali, ya faɗi haka. Adanawa kuwa wani aiki ne daban, kuma ba na mutum ɗaya a ɗaki ba ne. Yana buƙatar ɗaruruwan tsirrai, a bar maza da yawa su yi barbara, kada a zaɓi kowa, a nesanta daga wasu gonaki, a rubuta inda aka samo da shekarar. Mai kasuwa ba zai yi wannan ba, don shi zaɓe ne sana'arsa.

Rumbunan iri na gwamnatoci su ya kamata su ɗauki nauyin, amma haramci ya sa an yi sakaci. Cibiyar Vavilov a Rasha tana da tarin wiwi, shi kansa masanin tsirrai Nikolai Vavilov ya yi tattaki zuwa Afganistan a 1924 yana tattara iri, kafin ya mutu a kurkukun Saratov a 1943. Rumbun iri na Gatersleben a Jamus ma yana da nasa. Sai dai akasarin abin da ke waɗannan wurare na zare ne da mai. Amurka ta yi asarar irin zaren da masanin tsirrai Lyster Dewey ya inganta a farkon ƙarni na 20, sai bayan dokar noma ta 2018 ta sake kafa rumbu a garin Geneva na jihar New York. Har ta kai masu bincike na bin gefen hanyoyi a tsakiyar ƙasar suna tsintar wiwin da ya koma daji, jikokin wanda aka noma don igiya lokacin yaƙin duniya na biyu.

Hajiya Binta: Tambaya ɗaya kafin in tafi. Wanda ya je ƙauyen Malawi ko Nepal ya karɓo iri a hannun talaka, ya kai Turai ya sa masa suna yana sayarwa, me manomin ya samu?

Sagir: Galibi ba komai, Hajiya. Akwai yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ce a nemi izini kuma a raba amfani da masu asalin iri. Amma manomin da abin da yake nomawa laifi ne a ƙasarsa, gaban wa zai kai ƙara? Wasu masu tattara irin ma an zarge su da barin haɗaɗɗen iri a ƙauyukan a matsayin tukuici, wato sun ɗauki na gado sun bar abin da zai gurɓata ragowar.

Auwal: Dakta, Maroko ta halatta noma don magani da masana'antu a 2021. Wannan ba zai ceci beldiya ba?

Dakta Rakiya: Dokar ta shafi larduna uku, Al Hoceima, Chefchaouen da Taounate, kuma an ba da dama a shuka beldiya a gonaki masu lasisi. Alfanun shi ne yanzu masanin jami'a zai iya ɗaukar samfuri a fili ya gwada, ya ware wanda bai gauraya sosai ba, a ninka shi a wurin da ya saba da shi, a hannun mutanen da suka san shi. Wannan ya fi duk abin da za a yi a ɗaki a Amsterdam. Matsalar ita ce gonakin da ba su da lasisi har yanzu sun fi yawa a tsaunin, suna cike da haɗaɗɗen iri, kuma iska ɗaya ke kaɗawa a kan duka. Sannan kamfanin magani yana son kowane girbi ya fito da sinadari daidai da na bara, irin gargajiya kuwa ba ya yin haka. Idan aka matsa wa beldiya sai ta daidaita, za a tace ta har ta zama layi ɗaya.

Nafi'u: Wato a ƙarshe su ma zaɓen za su yi, irin wanda kuka hana ni.

Dakta Rakiya: Za su yi, shi ya sa ake raba aikin biyu: layin da za a sayar daban, gonar adanawa da ba a taɓa ta daban. Wa zai biya kuɗin ta biyun, shi ne abin da za ka tambaye su.

Malam Ɗanjuma (mai kula da zaure): Na goge saƙonni biyu na masu tambayar inda ake samun iri. Na uku zai fita daga zauren. Ku ci gaba.